Jawabin Buɗe Ɗakin Duba Masu Ciwon Ƙwaƙwalwa

Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka. Mai girma Kwamishinan Lafiya. Malamai, likitoci, ma'aikatan jinya, iyayenmu mata.

Bayan hamdala ga Allah da ya nufe mu da ganin wannan rana, alhali an gyara gini, an ja ruwa da wuta, an horar da ma'aikata, ina neman izini in tsaya kan mas'ala guda.

Jama'a sun san ciwon Alzheimer, wanda galibi yakan sami tsoho bayan shekara 65, ya fara masa da mantuwa. Amma akwai wani, wanda likita Arnold Pick ya fara bayaninsa a birnin Prague a 1892, mai cin gaban ƙwaƙwalwa da gefenta, wato mazaunin kunya da kamun kai da lafazi, shi kuwa yakan kama magidanci tsakanin shekara 45 da 65, yana tsakiyar ƙarfinsa. Da farko bai manta hanyar masallaci ba. Abin da za ku ji daga bakin uwargida shi ne, "Likita, wannan ba Malam ɗin da na sani ba ne." Dattijo mai mutunci ya shiga batsa a gaban surukai, ya sa hannu a kwanon baƙo, ya ƙwallafa rai a kan zaƙi, a yi rasuwa a gidansa, shi ko a jikinsa. Wani kuma kalmomi ke kuɓuce masa. Sai a ce sammu ne ko iskoki, a yi shekaru ana yawon magani.



Akwai kuma wasu ciwukan ƙwaƙwalwa: mai ciwon Lewy gane-gane yake yi, jikinsa ya ƙage; na jijiyoyin jini yakan biyo bayan shanyewar ɓarin jiki. Bambancewa wajibi ce, domin donepezil da ake ba mai Alzheimer ba ya amfanar mai ciwon da Pick ya bayyana, har yakan ƙara masa rikicewa.

To, ranka ya daɗe Kwamishina, tantance ciwon yana buƙatar hoton MRI, wanda ke nuna inda ƙwaƙwalwa ta motse, mu kuwa ba mu da na'urar. Mun rubuta, mun sake rubutawa. Marar lafiyar da ba ya iya zama wuri guda, shi muke ɗorawa a mota zuwa wani gari, iyalinsa su biya. Takardar neman na'urar tana aljihuna, ba zan bari ka shiga mota ba sai na damƙa maka ita.