Makahon Da Ya Yaƙi Makanta: Tarihin Sa John Wilson

Jawabin yau a kan wani Baturen Ingila ne mai suna John Wilson, wanda ya yi shekara kusan sittin yana hidimar makafi da sauran naƙasassu, alhali kuwa shi kansa makaho ne. Aikinsa ya taɓa ƙasar nan da maƙwabtanta ƙwarai, ko da yake kaɗan ne daga cikin waɗanda suka ci moriyarsa suka san sunansa.

An haife shi a birnin Nottingham cikin 1919. Da idonsa garau aka haife shi, ya kuma shiga makaranta kamar sauran yara. Cikin 1931, yana ɗan shekara 12, ana cikin darasin kimiyya a wata makaranta a garin Scarborough, sai abin da ake gwadawa ya fashe, ya lalata masa idanu duka biyu. Iyayensa ba su ajiye shi a gida ba. Suka kai shi makarantar makafi ta Worcester, inda ya koyi rubutun makafi, watau irin wanda ake karantawa da kan yatsa, kowane harafi an gina shi daga ɗigo shida masu tudu. Daga nan ya zarce Jami'ar Oxford ya karanta shari'a. Cikin 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya kama aiki a babbar ƙungiyar makafi ta Ingila.

Da a nan ya tsaya, da labarinsa bai iso kunnen kowa a nan ba. Amma bayan an gama yaƙi, Ofishin Mulkin Mallaka ya tura wata 'yar tawaga ta zaga ƙasashen Afirka da Gabas ta Tsakiya da ke hannun Ingila, ta gano halin da makafi suke ciki. Wilson na cikinta. Suka yi wata tara suna yawo tsakanin 1946 da 1947. Abin da ya tarar ya girgiza shi: makafi da yawan da ba wanda ya taɓa ƙirgawa, babu makaranta sai ɗai-ɗai, babu sana'a sai bara, likitan ido kuwa sai a yi tafiyar kwanaki ba a sami ko ɗaya ba. Abin da ya fi damunsa shi ne, akasarin mutanen nan ba haɗari ne ya same su kamar yadda ya same shi ba. Cututtuka ne da ake iya tarewa, ko kuwa ake iya warkarwa. Ran 5 ga Janairu 1950 aka kafa ƙungiyar taimakon makafi ta ƙasashen Daular Ingila, shi ne shugaban aikinta. Cikin 1957 aka sake mata suna ta koma ta ƙasashen Kwamanwel, a yau kuwa Sightsavers ake kiranta.

A shekarar da aka kafa ƙungiyar, shi da matarsa Jean suka tafi arewacin Gwalkwas, ƙasar da ake kira Gana yanzu. A can suka shiga ƙauyukan bakin kogi inda makanta ta zama kamar gado. Manya suna tafe a jere, yaro ƙarami yana jan su da sanda. Mata suna bin igiya da hannu har su kai rijiya. Yaran da ke jan iyayensu sun riga sun sani cewa su ma haka za su ƙare, don ba su ga babban da ya tsufa da idonsa ba sai kaɗan. Ƙasar bakin kogin ita ce mafi albarka, amma mutane suna gudunta suna komawa kan tudu inda ba ta ba da amfani. Watau ciwon ya haɗa musu makanta da yunwa.

Ya kamata a tsaya a bayyana wannan ciwo, gama yana nan a sassa da yawa na Nijeriya. Wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda ne ke yaɗa shi, wanda yake ƙyanƙyasa a ruwa mai gudu da ƙarfi, musamman inda yake bugun duwatsu. In ya ciji mai ciwon, ya koma ya ciji mai lafiya, sai ya zuba masa ƙwayar wata tsutsa. Tsutsar takan girma ta yi ƙululu a ƙarƙashin fata, tana iya kai shekara 15 da rai, tana haihuwar 'ya'ya dubbai waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke yawo cikin fata su jawo ƙaiƙayin da ke hana barci, har fatar ta yi kaushi ko ta yi dabbare-dabbare. In suka shiga ido suka mutu a ciki, sannu a hankali gani ya dushe har ya tafi. Ba cizo ɗaya ke makantarwa ba, sai an yi shekaru ana shan cizon, shi ya sa manoma da masunta a tsakiyar ƙarfinsu suka fi shan wuya. Sunan da likitoci ke kiran ciwon dogo ne mai wuyar faɗi. Jean ce ta laƙaba masa suna mai sauƙi da Ingilishi, wanda ma'anarsa makantar kogi, don ta lura mutane ba sa ba da kuɗinsu domin yaƙi da abin da bakinsu ba ya iya furtawa. Sunan ya bi duniya.

Dabarar Wilson ita ce a fara ƙirgawa kafin a roƙi kowa. Ƙungiyarsa ta aiko wani likitan ido, Dokta Frederick Rodger, ya yi shekaru cikin 1950 da 'yan kai yana bin ƙauyukan Afirka ta Yamma, har da arewacin Nijeriya, yana duba idanun mutane. Binciken ya nuna wajen kashi 80 cikin 100 na makantar da aka tarar, da an tare ta ko an warkar. Da wannan lissafi Wilson ya riƙa shiga ofisoshin gwamnatoci. Mai mulki yana iya jin tausayin makaho ya ba shi sadaka ya sallame shi, amma da wuya ya kau da kai in an nuna masa cewa huɗu daga cikin makafi biyar na ƙasarsa bai kamata su makance ba.

Bai manta da waɗanda idonsu ya riga ya tafi ba. Makafi a garuruwan Hausa suna da tsarinsu tun da daɗewa, da unguwarsu da Sarkin Makafi mai sasanta su, amma hanyar abinci ɗaya aka bar musu. Wilson ya ƙi yarda da haka, kuma yana da bakin magana, tun da shi ma a duhun yake. Ya nace a koya wa makafi noma da kiwo da sana'ar hannu a inda suke, maimakon a kwashe su a tara a gidan ajiya. Cikin shekarun 1960 ƙungiyarsa ta yi wani gwaji a Katsina: aka sa yara makafi a makarantun gari tare da masu ido, malami wanda ya iya rubutun makafi yana taimaka musu. Gwajin ya yi kyau, aka kwaikwaye shi a wasu ƙasashe. Hikimar abin a fili take. Makarantar makafi zalla, irin ta Gindiri da aka buɗe cikin 1953, tana da amfani babba, amma yara nawa za ta ɗauka? Makarantar gari kuwa tana ko'ina, yaro kuma ba ya rabuwa da iyayensa da sa'o'insa.

Cikin 1969 ƙungiyar ta shirya wa wasu samari makafi daga Kenya da Uganda da Tanzaniya hawan Dutsen Kilimanjaro, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Afirka. Bakwai suka kai ƙololuwa. Wasu za su ce wasa ne, amma labarin ya shiga jaridu da rediyo, iyaye da yawa kuma suka fara tunanin kai 'ya'yansu makafi makaranta.

A Indiya da maƙwabtanta matsalar dabam ce, yanar ido ce ta fi yawa. Can sai aka riƙa kafa sansani a ƙauye, likitoci su zo su yi wa ɗaruruwan mutane aiki cikin 'yan kwanaki, su tashi su ƙara gaba. Wilson kansa ba ya zama wuri ɗaya. Yakan hau jirgin sama ya ƙetare nahiya, sau da yawa shi kaɗai, har ya rubuta littafi cikin 1963 a kan tafiye-tafiyensa. Cikin 1975 Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sa, a shekarar kuma aka kafa hukumar hana makanta ta duniya, ya zama shugabanta na farko.

Maganar makantar kogi kuwa ta ɗauki lokaci. Cikin 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya da wasu hukumomi suka kafa shirin feshin magani daga jiragen sama a kan kogunan Afirka ta Yamma don kashe ƙudan tun yana tsutsa. An fara da ƙasashe 7, daga baya suka kai 11, aka rufe shirin cikin 2002. Nijeriya ba ta cikinsa. Abin da ya taimaki ƙasar nan shi ne ƙwayar Mectizan, wadda kamfanin Merck na Amurka ya yi alkawari cikin 1987 zai riƙa bayarwa kyauta muddin ana bukatarta. Ana shanta sau ɗaya ko sau biyu a shekara. Mutanen gari su ke zaɓar mai rabawa daga cikinsu, shi kuma ya auna tsawon mutum da sanda mai alamu don ya san ƙwaya nawa zai ba shi. Ba a ba mace mai ciki, ko yaro da bai kai shekara 5 ba, ko mai ciwo mai tsanani. Ƙwayar 'ya'yan tsutsar take kashewa, ba uwar ba, saboda haka dole gari duka ya riƙa sha shekara bayan shekara har iyayen tsutsar su tsufa su mutu. Wanda ya ce ƙaiƙayi ya lafa ya daina sha, ya buɗe wa ƙudan ƙofar komawa kan maƙwabtansa.

Cikin 1983 Wilson ya ajiye shugabancin ƙungiyarsa, amma bai huta ba. Ya jagoranci wani sabon shiri mai suna Impact tare da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya faɗaɗa aikin zuwa kurumta da gurguntaka da sauran naƙasar da ake iya tarewa. Reshen shirin na Indiya ne ya mai da jirgin ƙasa asibiti cikin 1991, yana bin layin dogo yana tsayawa a tashoshin karkara ana yi wa mutane aiki a cikin taragu.

Ya rasu a garin Brighton cikin Nuwamba 1999, yana da shekara 80. Cikin Janairu 2025, shekara 75 bayan tafiyarsa da Jean zuwa ƙauyukan bakin kogi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Jamhuriyar Nijar ta rabu da makantar kogi, ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ta kai ga haka. A Nijeriya an riga an tsai da rabon maganin a wasu jihohi, kamar Filato da Nasarawa, bayan bincike ya nuna ƙudan ya daina yaɗa ciwon a can. A sauran wurare da yawa kuwa har yanzu mai rabawa yana zagayawa gida-gida da sandarsa da littafin sunaye.