Zoɓonmu da Maganar Hawan Jini: Jawabin Kwamitin Sana'o'i

  

Maganar zoɓo ce ke tafe da mu. Kun san shi ya fi kawo mana ciniki bana, har wasu 'yan uwa suka kawo shawarar a rubuta "maganin hawan jini" a jikin robar, wai kasuwa ta ƙara buɗewa. Mun zauna, mun duba, mun ce a'a.

Ba wai zancen ba shi da tushe ba ne. A 2010 masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka sun fitar da sakamakon gwaji kan mutum 65 da jininsu ya fara hawa. Waɗanda aka ba zoɓo kofi uku kullum har mako shida, lambar sama ta awonsu ta sauka da kusan 7. To amma ku lura, mutanen nan ba su kai ga fara shan magani ba. Wadda awonta ya kai 170 fa, ina 7 za ta kai ta?

Ko maganin asibiti akwai wanda daga tsiro ya fito. Reserpine, daga saiwar wani tsiron Indiya aka tace shi a 1952. Sai dai shi an auna ƙarfin kowace ƙwaya. Namu kuwa, na wance kauri, na wance tsararo, ga sukari son rai.

Abin da ke ba mu tsoro shi ne wata baiwar Allah ta karanta rubutunmu, ta ajiye maganinta don kanta ya daina ciwo. Hawan jini ba ya sallama. Mace tana tsaka da daka sai ɓarin jiki ya shanye, ko ƙoda ta lalace a hankali. Wa zai ɗauki wannan alhaki? Balle NAFDAC ba ta yarda a kira abu magani ba tare da rajista ba.

Masu juna biyu, don Allah kada a gwada jiƙe-jiƙe. In fuska ta kumbura ko kai ya matsa, a tafi awo tun kafin jijjiga ta zo. Masu jego kuma a sassauta kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shansa da ciwon zuciyar bayan haihuwa. Kanwa 'yar uwar gishiri ce, shi kuwa gishiri Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi ke nan, har da na cikin dunƙulen miya.

Daga wata mai kamawa za mu fara fitar da zoɓo marar sukari, ba rubutun magani a jikinsa. Muna kuma roƙon a cire kuɗin na'urar awon jini daga ribar bana, a riƙa auna kowa ranar taro. Wadda aka samu 140/90 ko sama da haka a zama biyu, mutum biyu daga cikinmu za su raka ta asibiti.