Harsashin da Ya Shiga Gida a Liverpool

A daren 22 ga Agusta, 2022, wata uwa a unguwar Dovecot ta birnin Liverpool a Ingila ta ji hayaniya, ta buɗe ƙofa don ta duba. Sai ga wani mutum ya afko gidan a guje, ɗan bindiga na biye da shi. Ɗan bindigar ya yi harbi, harsashin ya ratsa hannun uwar, ya sami 'yarta mai shekara 9 a ƙirji. Yarinyar ba ta kwana ba.

Abin da ya ƙara ƙona zuciya, a rana irin wannan a 2007 aka harbe wani yaro ɗan shekara 11 a Croxteth, yana dawowa daga ƙwallo. Ga shi kuwa tun 1997 Birtaniya ta haramta ƙananan bindigogi, amma dillalan ƙwaya ba su rasa hanyar samunsu ba.

An yanke wa makashin yarinyar ɗaurin rai da rai a Afrilu 2023, aƙalla shekara 42. Ya ƙi fitowa ya ji hukuncin. Wata mata da ya ɓuya a gidanta ce ta daure ta ba da shaida a kotu. Duk wanda ya san inda aka ɓoye bindiga a unguwarsu, don Allah ya yi magana kafin a kashe wani yaron.