KARATUN DOGON HUTU: Jawabi ga Hakimai da Malamansu na Ƙasar Ƙaraye da Rogo

Maganar da aka taru dominta ita ce ta karatun yara a lokacin dogon hutu, watau hutun nan da makarantun Gwamnati kan yi daga wajen ƙarshen Yuli zuwa cikin Satumba. Tun daga Yuli 2024 da aka sake kafa masarautar Ƙaraye, ƙananan hukumomi biyu ke ƙarƙashinta, Ƙaraye da Rogo. Kowane shiri da ya shafi yaran ƙasar nan kuwa, ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni zai bi kafin ya isa ƙofar gidan talaka. Saboda haka ya kamata su ne farkon waɗanda za su san abin da doka ta tilasta, da abin da ta bar wa iyaye, da iyakar da ke tsakaninsu.

ABIN DA HUTU KAN CINYE

Yaron da ke aji biyu ko aji uku na firamare bai gama riƙe karatu ba. Baƙaƙe da wasula sun fara zama a kansa, amma ba su yi saiwa ba tukuna. In ya yi mako shida bai ɗora ido a kan rubutun boko ba, sai ya komo makaranta yana in-ina a shafin da a da yake wucewa a guje. Malaman makaranta sun san wannan sarai, don makonnin farko na sabuwar shekara kan ƙare musu wajen maimaita abin da aka riga aka koyar. Alarammomi ma sun san shi tun kafin boko ya zo, shi ya sa ba su yarda almajiri ya bar tishi, don haddar da ba a bita gudu take yi.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake ganin haka ba. A 1996 wani malamin jami'a a Amurka mai suna Harris Cooper, shi da abokan aikinsa, sun tattara binciken da aka yi a can game da dogon hutu, suka tarar yara kan yi hasarar abin da ya kai karatun wata guda. Suka kuma tarar a wajen iya karatu 'ya'yan talakawa ne ke ci baya, alhali 'ya'yan masu hali, waɗanda ke da littattafai a gida, ba su yin irin wannan hasara. To, in haka ta faru a ƙasar da ɗakunan karatu suka yi yawa, ina ga ƙauyen da littafin da yaro ke gani duk yana kulle a ofishin hedimasta har a komo hutu?

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar Ilmin Bai Ɗaya ta Tarayya, wadda aka yi a 2004, ta wajabta wa Gwamnati ta ba kowane yaro ilmi kyauta na shekara 9, watau 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare. Ta kuma wajabta wa uba ko mai riƙo ya kai ɗansa makaranta har ya gama. Wanda ya ƙi, karon farko a ja masa kunne, karo na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata 1, bayan nan tarar Naira 5,000 ko ɗaurin wata 2. Dokar ta hana karɓar kuɗi a kan wannan ilmi, ta sa wa mai karɓa tarar da ba ta wuce Naira 10,000 ba ko ɗaurin wata 3. A 2019 Gwamnatin Jihar Kano ta ayyana ilmi kyauta kuma dole, a Yuni 2024 kuma aka kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi a Jihar.

Abin lura a nan shi ne, tilas ɗin nan duk a kan zuwa makaranta yake, lokacin da makaranta ke buɗe. Ranar da aka ba da hutu, yaro ya koma hannun iyayensa. Saboda haka karatun hutu na ganin dama ne, uban da bai aiko ɗansa ba bai yi laifi ba.

Amma ganin dama ba ya nufin a yi abu kara zube. A jihar Karolina ta Arewa, cikin Amurka, an fara wani tsari da doka a 2012, inda aka ɗora wa hukumomin ilmi na gundumomi nauyin buɗe ajin karatu a lokacin hutu domin yaran aji uku da ba su iya karatu sosai ba, aka bar wa iyaye su yanke ko ɗansu zai je. A Ingila kuma tun 1999 ɗakunan karatu na gari kan gayyaci yara su karanta littattafai cikin hutu, wanda ya cika adadi a ba shi takardar yabo. Abin da za a ɗauka daga waɗannan shi ne, ƙa'ida a kan masu shirya karatu take hawa, zaɓi kuma na iyaye ne.

DARASIN YAƘI DA JAHILCI

Ƙasar nan ba baƙuwar karatun sa kai ba ce. A shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura Yaƙi da Jahilci, aka buɗe azuzuwan manya a zauruka da gindin itatuwa, En'e da hakimai suka tsaya a kai, Malam Ahmadu Kumasi yana cikin manyan jami'an da suka ja ragamar aikin. A 1954 aka kafa hukumar NORLA a Zariya don ta buga wa sababbin masu karatu abin da za su karanta, har larduna suka sami 'yan jaridunsu, na Kano ana ce da ita Sodangi. Waɗanda suka shirya wannan sun gane cewa mutumin da ya koyi haɗa baƙi, in bai sami abin karantawa ba, jahilcinsa komowa yake yi. A 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, Jihar Kano ta kafa Hukumar Ilmin Manya, wadda aikinta ya kai har UNESCO ta ba ta lambar yabo a 1983.

Manyan nan da suka cika azuzuwa, amfanin abin suka gani: mutum ya karanta wasiƙarsa da kansa, ya duba rasit ɗin harajinsa, ba mai cutarsa a wajen awo. Abin da ya jawo iyaye a wancan zamani shi zai sa su aiko 'ya'yansu a wannan.

ƘA'IDOJIN DA YA KAMATA A BI

Waɗannan ƙa'idoji shawara ce ga duk gundumar da ke son buɗe ajin hutu. An tsamo su daga dokar da aka ambata da kuma abin da aka gani ya yi amfani a baya.

Ta ɗaya, kada a tilasta wa kowa. Kada a bugi yaro don bai zo ba, kada a ce za a hana shi wucewa aji na gaba, kada a kira ubansa fada a kan wannan.

Ta biyu, kada a karɓi ko kwabo. Babu kuɗin rajista, babu kuɗin alli, babu na takarda. Ranar da kuɗi ya shiga, 'ya'yan talakawa ne za su fara janyewa, su kuwa aka yi abin dominsu. In wani mai hali ya so ya taimaka, ya miƙa wa kwamitin kula da makaranta a gaban shaidu, a rubuta.

Ta uku, kada a buɗe aji sai da sanin hedimasta da Sakataren Ilmi na ƙaramar hukuma. Su za su duba wanda zai koyar, ko malamin makaranta ne da ya sa kansa, ko tsohon malami da ya yi ritaya, ko ɗalibin kwalejin horon malamai da ya zo gida hutu. Ya zama mutum ne da gari ya san halinsa. A zaɓi ɗakin da rufinsa ba ya yoyo, bangonsa ba ya barazanar faɗuwa, don lokacin marka ne. Kada a sa yaro ya ƙetare rafi zuwa aji. Ƙauyukan da ke bakin Kogin Chalawa da gefen madatsar ruwanta su yi nasu ajin a gida, ko da a zauren mai unguwa ne.

Ta huɗu, a girmama gona da allo. Dogon hutu yana faɗowa a tsakiyar damina, lokacin maimai da zuba taki, manomin masara da dawa a Rogo ko Ƙaraye kuwa yana bukatar hannun ɗansa da safe. Wanda ya sa aji da hantsi, shi kaɗai zai zauna. Tsakanin azahar da la'asar ya fi, kwana uku a mako, sa'a ɗaya da rabi ta isa. A bar ranar kasuwar gari. A zauna da malaman allo da na Islamiyya tun da wuri a daidaita lokaci, don kada uba ya ga kamar an zo raba ɗansa da karatun addini.

Ta biyar, a raba yara bisa iyawarsu. Ranar farko a gwada kowane yaro shi kaɗai, cikin lallashi: yana gane baƙaƙe? Yana karanta kalma? Yana karanta jimla? Yana karanta ɗan gajeren labari ya faɗi abin da ya ji? Daga nan a haɗa waɗanda iyawarsu ta zo ɗaya, ko da ɗan aji biyar zai zauna da ɗan aji uku. Wannan dabara daga Indiya ta fito, wata ƙungiya mai suna Pratham ta fara ta, an kuma gwada ta a nan Jihar Kano, a makarantun Dawakin Tofa da Wudil, ƙarƙashin shirin KaLMA. A fara da Hausa, harshen da yaro ke tunani da shi. In ta zauna, Turanci ba zai yi masa wuya kamar da ba.

Ta shida, kada a manta da 'yan mata da yaran rugage. Inda aka sami malama, iyaye sun fi sakin jiki, a kuma tashi da sauran rana don kowace yarinya ta isa gida kafin magariba. A aika wa arɗo, a sanar da masunta. Tun 1989 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar ilmin makiyaya, 'ya'yansu suna da haƙƙi daidai da na kowa.

Ta bakwai, a bar littafi ya je gida. A ba yaro aro na mako guda, ya karanta wa ƙannensa da uwarsa, ya komo da shi a ba shi wani. Wasu za su yage, wasu ruwa zai taɓa su. Littafin da ya tsufa a hannun yara ya biya kuɗinsa, wanda gara ta cinye a cikin kabad kuwa hasara ce tsantsa.

AIKIN MALAMIN HAKIMI

Nauyin rubutu a wuyan malamin hakimi yake. Ya buɗe littafi guda domin wannan aiki, kowane ƙauye da shafinsa. A ciki ya rubuta sunan mai koyarwa, da wurin da ake yi, da ranaku, da yawan yara maza da mata, da littattafan da aka kawo da waɗanda suka komo. Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne layi biyu na ƙarshe: matakin da kowane yaro yake ranar da aka fara, da matakin da ya kai ranar da aka rufe.

A nan ake roƙon malamai su ji tsoron Allah. Akwai sha'awar a cika takarda da sunaye don a ce gundumar wane ta fi ta wane. In yara 18 suka zo, a rubuta 18. In sun fara su 40 suka ƙare su 12, a rubuta haka, a kuma binciki dalili: ko lokacin ne bai dace ba, ko wurin ya yi nisa, ko mai koyarwa yana da zafin hannu. Da wannan lissafi hukuma za ta san inda za ta kai littattafai da malamai baɗi. In aka ba ta na ƙarya, za ta ɗauka yaran sun iya, ta juya wani wuri, a bar su da jahilcinsu, sunayensu kuwa suna cikin takarda a matsayin masu karatu.

AIKIN HAKIMI

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ana sauran wata guda a ba da hutu ya kamata hakimi ya tara dagatai da hedimastoci da limamai a tsai da wuri da lokaci, a yi shela a kasuwa, limamai su ambata ranar Juma'a.

Sai dai akwai abin da ya kamata a yi hattara da shi. Maganar hakimi nauyi gare ta. In ya ce yana so, talaka umurni yake ji, dagaci kuma don neman yabo yana iya mai da gayyata ta zama kamu. Saboda haka hakimi ya faɗa da bakinsa a bainar jama'a cewa wanda ya aiko ɗansa an gode, wanda bai aiko ba babu kome a kansa. Kada a aiki dogari gidan kowa. Abin da ya fi dogari aiki shi ne a ga 'ya'yan hakimi da na dagaci zaune a kan tabarma ɗaya da sauran yara.

In hakimi ya fita rangadi, ya ratsa ajin ba tare da sanarwa ba, ya zauna, ya buɗe littafi inda ya ga dama, ya miƙa wa yaro ya karanta masa. Ranar rufewa kuma a tara iyaye a ƙofar fada, yara su karanta a gabansu. Uban da ya ji 'yarsa ta karanta takardar asibiti ko rubutun jikin buhun taki, ba sai an roƙe shi baɗi ba, shi zai riƙo hannun ƙanenta ya kawo.

Allah ya ba hakimai ikon riƙon amanar talakawansu, ya shiryi yaran Ƙaraye da Rogo, ya ba da damina mai albarka. Amin.