Abin da Duwatsun Sina'i Suka Koya Mini

(Jawabin da wani dattijon ikilisiya ya gabatar a taron zumunta na ƙananan ikilisiyoyi)



An ce in faɗi wani abu a kan ziyarar da na kai ƙasa mai tsarki. Labarin Urushalima kun sha ji daga waɗanda suka riga ni zuwa, saboda haka yau a kan duwatsun Sina'i zan tsaya.

Ni mutumin fili ne. A garinmu in ka tsaya bakin gona kana hango mai keke tun daga nesa. Dutsen da na sani shi ne Dala da Goron Dutse a Kano. Da muka ƙetare iyaka a Taba muka shiga Masar, mota ta yi ta tafiya cikin hamada. Can sai ga duwatsu jajaye sun tare gabanmu, wani bayan wani, ba itace, ba ciyawa, ba iyaka. Waƙar da muke yi a mota ta tsaya da kanta. 'Yan'uwa, ban taɓa jin ƙanƙantata kamar ranar nan ba.

In gaya muku gaskiya, da nauyin zuciya na tafi. Ikilisiyarmu ba ta cika mutum arba'in. Mun daɗe muna neman filin gina majami'a ba mu samu ba, samarinmu kuma sun watse birane. Har na fara tunanin kwashe iyalina mu koma inda masu bi suke da yawa.

Wajen ƙarfe biyu na dare muka fara hawan dutsen da Larabawa ke kira Jabal Musa, mai tsawon mita 2,285. Sanyin wurin ya fi na hunturunmu nesa ba kusa ba. Kusa da ƙwanƙoli akwai matakala kamar 750, inda raƙumi ba ya iya hawa. Dab da farkon matakalan akwai wani ɗan fili da ake dangantawa da annabi Iliya. Nan gwiwata ta gaza, na zauna.

Kun san labarin a Littafin Sarakuna na Fari sura 19. Iliya ya gudu daga Yezebel har Horeb, yana kuka cewa shi kaɗai ya rage. Iska ta wuce, ƙasa ta girgiza, wuta ta ci, amma cikin murya marar ƙarfi Allah ya yi masa magana. Ya sanar da shi akwai mutum dubu bakwai da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma mai da shi bakin aikinsa. Ina zaune a wurin sai na ga ashe kukan Iliya nake yi. Na ƙirga kujerun majami'armu, na ɗauka lissafin Allah ke nan.

Wanda ya kama hannuna ya kai ni sama wani saurayi ne Musulmi, ɗan jagoranmu, daga Larabawan da ake kira Jabaliya. A ƙwanƙolin akwai ƙaramar majami'a, kusa da ita kuma masallaci. Da rana ta fito muka ga duwatsu ta kowace kusurwa, har da Dutsen Katarina, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Masar.

Da muka sauko aka kai mu gidan sufaye na Santa Katarina a gindin dutsen. Sarki Yustiniyan ne ya sa aka gina shi tsakanin shekarar 548 da 565. Sufayen 'yan kaɗan ne, maƙwabtansu Musulmi ne, a cikin ganuwar ma akwai masallaci. Duk da haka fiye da shekara 1,400 ke nan ana sujada a wurin. A nan aka adana ɗaya daga cikin tsofaffin kofen Littafi Mai Tsarki na Helenanci, wanda aka rubuta a ƙarni na 4. Ba yawa ne ya riƙe su ba. Addu'a ce ta kullum, da riƙon Maganar Allah, da zaman lafiya da maƙwabta.

Don haka ina da roƙo uku. Na farko, dattawa, mu riƙa ziyartar juna. Ikilisiyar da ba ta ganin baƙo sai ta ɗauka an manta da ita. Na biyu, mu koya wa yaranmu karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, domin ranar da ba fasto, su ne za su tsaya. Na uku, kada wulaƙancin wasu ya sa mu yanke gaisuwa da maƙwabta. Mu je suna, mu je ta'aziyya. Haƙƙinmu kuwa mu ci gaba da nemansa ta hanyar doka, ba tare da gajiya ba.

Ni dai ban ƙaura ba. Filin har yau ba mu samu ba, a zaure muke sujada, amma ba a taɓa fasa ta ba ko Lahadi ɗaya.

Ubangiji ya ƙarfafa mu, ya riƙe mu cikin bangaskiya har ƙarshe. Amin.