Ranar da Alƙalami Ya Ƙi Tafiya



An nemi mu yi magana a kan wata cuta da kowa a ɗakin nan ya sani, amma ba mai son ambatonta a bainar jama'a. Ita ce mutum ya zauna da takarda a gabansa, ya yi awa guda bai rubuta abin da ya wuce layi biyu ba, su ma daga baya ya soke su. Tana da abokiyar tafiya: mutum ya ɗauki littafin da a da ba ya ajiye shi sai fitila ta mutu, yanzu kuwa kafin shafi uku barci ya kwashe shi. Ba likitoci ba ne mu, majinyata ne. Da yawa daga cikinmu mun shigo jami'a da littafin rubutu cike da waƙoƙi da gajerun labarai tun na sakandare. Yau in aka buɗe shi, kwanan watan da ke shafin ƙarshe na shekarar da muka shigo ne.

Mun saba ɗora laifin a kan rashin lokaci, ko ɗaukewar wuta, ko hayaniyar ɗakin kwana. Ba ƙarya ba ne, amma a sakandare ma da fitilar ƙwai muka yi wancan rubutu. A ganinmu cuta ta biyu ita ce uwar ta farko. Tun da muka zo nan karatu ya zama farauta: muna bin shafi da biro a hannu, muna neman abin da malam zai tambaya a jarrabawa, in mun samu mu ja layi mu wuce. Yayyenmu da suka kama aiki su ma sun shaida mana cewa ban da fayil da takardun ofis ba abin da idonsu ke gani. Ɗan lokacin da ya saura kuma wayar hannu ta cinye shi. Wanda ya shekara uku yana ɗiba a rijiya, damina ba ta sauka ba, me zai sa ya yi mamakin ganin laka a guga?

Mu dubi Abubakar Imam. An haife shi a 1911, ke nan sa'anmu ne lokacin da ya shiga gasar ƙaga labarai ta 1933 da Ruwan Bagaja, yana malami a Midil ta Katsina. A 1936 Rupert East ya ɗauko shi zuwa Zariya don ya rubuta littattafan karatu na makarantu. Abin lura shi ne ba takarda da tawada kaɗai aka ajiye masa ba. An tara masa littattafan labaru na Larabawa da Indiyawa da Turawa, irin su Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan Grimm. Ya yi ta karantawa yana rubutawa, kuma cikin kamar wata shida ya gama Magana Jari Ce, littafi uku. Akwai masu cewa ai aro ya yi. Mu dai ba mu taɓa jin wanda ya karanta labarin akun nan ya ji warin baƙunta ba, domin Imam ya sa wa labarun riga da hula, ya koya musu karin magana. In mai baiwa irin tasa ya bukaci a tara masa abin karantawa kafin alƙalaminsa ya yi gudu, to mu su wane ne da za mu ce daga kanmu kaɗai za mu tatso?

Akwai kuma shirun da ba na rashin karatu ba ne. Chinua Achebe ya fitar da A Man of the People a 1966, bai sake fitar da dogon ƙagaggen labari ba sai Anthills of the Savannah a 1987, shekara 21 ke nan, da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 a tsakani. Amma bai ajiye alƙalami ba: ya yi waƙoƙi, ya yi gajerun labarai, ya yi maƙalu, har da littafin yara. Da ƙofa ɗaya ta rufe, sai ya bi ta ƙanana.

Saboda haka shawararmu ba ta da tsada. Wanda babban labarinsa ya cije, ya ajiye shi, kada ya yaga. Ya rubuta wa kakarsa wasiƙa, ko ya bayyana tashar mota da asuba cikin shafi ɗaya, ba don kowa ya gani ba. Wanda karatu ya gundure shi, ya koma wa littafin da ya fara sa shi dariya yana yaro, ya karanta wa ƙannensa da ƙarfi lokacin hutu. Littafin da ya ƙi shiga kuwa a rufe shi, ba bashi ba ne.

Mu da muka tsaya a gabanku mun ɗauki alkawari, muna kuma roƙon ku shiga ciki: kafin taro na gaba kowa ya karanta littafi guda wanda ba ya cikin manhaja, ya zo mana da shafi ɗaya a kansa, ko yabo ko kushe. Za mu karanta su a nan, namu ne za a fara da shi.