Miyar da Ba Nama Ba Miyar Tsiya Ba Ce



Batun da aka ɗora mini yau shi ne girki marar nama da kyautata abincin iyali. Na san da jin haka wasu za su ce ai wannan al'adar Indiyawa ce, ko kuwa yayin Turawan da ƙoshi ya yi wa yawa. To, ban zo in haramta abin da Allah ya halatta ba. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, tukunyar iyayenmu, wadda galibi sai ranar kasuwa ko ranar salla take ganin tsoka, tukunya ce mai hikima, kuma mu 'yan boko mun fara jin kunyarta ba bisa ilmi ba.

Ku dubi halinmu. Da zarar saurayi ya kama aikin gwamnati ya karɓi albashin fari, sai ya ga tuwon dawa da miyar kuka sun yi masa ƙauyanci. Farar shinkafa da taliyar leda da burodi da lemon kwalba su ne alamar ya waye, kuma in miya ba nama sai ya ga an ci mutuncinsa. Kuɗin cefane ya tafi wajen mahauci, wata bai kai tsakiya ba an shiga bashi. In aka zo rabo kuwa, tsoka ta maigida ce, yara masu girma sai romo.

Bari mu ji abin da ilmin abinci ya ce. Sinadarin da ke gina jiki, watau furotin, an harhaɗa shi ne da tubala iri 20, kuma 9 daga cikinsu jiki ba ya iya ƙera su, tilas sai an ci. Gero da dawa da masara da shinkafa suna da ƙarancin ɗaya daga ciki, wanda ake kira laisin, alhali kuwa wake yana da shi a wadace. Shi kuma wake yana da ƙarancin wani tubalin, metiyonin, wanda hatsi ke da shi. In aka haɗa su, sai kowane ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Saboda haka garau-garau, da ƙosai da koko, da tuwo da miyar wake, da alale da kunu, duk lissafi ne da kakanninmu suka yi daidai ba tare da sun shiga ɗakin gwaji ba. Akan ce wake ɗaya ke ɓata gari, amma a cikin tukunya wake gyara yake yi.

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake furotin ne, haka ma gyaɗa, ƙuli-ƙuli kuwa ya ɗara haka tun da an matse mansa. Waken suya, wanda ake yin awara da shi, ya fi wake da gyaɗa. Bugu da ƙari, Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman irin wakenmu, Nijar na biye da ita, kuma masana a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru sun daɗe suna fitar da ingantattun irinsa. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta keɓe shekarar 2016 sukutum don ɗaukaka wake da dangoginsa. Abin da duniya ke yi wa biki, shi muke ɓoyewa in mun yi baƙo!

Sai ganye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane babba ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa kullum, ban da rogo da dankali. Wanda ya ci kwaɗon zogale ko na rama da rana, ya sha miyar taushe mai kabewa da alayyahu da yakuwa da dare, ya haɗa da gwanda ko gwaiba, ya kama hanya. Hukumar ta kuma ce gishiri kada ya kai giram 5 a yini, watau ƙaramin cokalin shayi guda. Dunƙulen da muke jefawa uku-uku a miya kuwa, babban rabonsa gishiri ne, gishiri mai yawa kuma abokin hawan jini ne. Daddawar kalwa tana ba da ɗanɗano, tana kuma ƙara furotin. A shekarar 2015 hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashinta ta sanya naman da aka sarrafa, irin na gwangwani, cikin abubuwan da ke haddasa dajin hanji, ta ce mai yiwuwa ne yawan cin jan nama ma yana da hannu.

Amma fa girki marar nama yana da ƙa'idoji, kuma wajibi ne in faɗe su. Na farko, akwai bitamin B12 da jini da jijiyoyi ke buƙata, wanda ba a samunsa a tsiro. Kada wanda ya rage nama ya rabu da nono da ƙwai da kifi. Fura da nono ta toshe wannan kafa tun tuni. Na biyu, sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye ba ya shiga jini da sauƙi kamar na nama. Tumatir ɗanye da lemon tsami suna taimaka masa, shayi kuwa yana tare shi, don haka a jinkirta shayi bayan cin abinci, musamman ga mata masu juna biyu. Na uku, kanwa tana sa wake ya nuna da wuri, amma tana kashe wasu bitamin. A jiƙa wake tun dare, sai a rage ta. Na huɗu, gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai lahanta hanta, a tsince ta a zubar, kada a yi tsimi da ita. Na biyar, kada a dafa ganye har ya yi baƙi, kada kuma a bar ƙosai da awara su yi iyo a cikin mai.

Wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne yaron da aka yaye. A shekarar 1933 wata likita, Cicely Williams, ta bayyana wata cuta a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, wadda ke kumbura ƙafafun yaro, ta sa gashinsa ya yi ja. Sunanta kwashoko daga harshen Ga ya fito, kuma ta lura tana kama yaran da aka yaye aka bar su da kunun masara zalla. Ga shi kuma abincin da aka ceto ɗimbin yara masu tamowa da shi a Nijar a shekarar 2005, tushensa gyaɗa ne da madara. To, me zai hana uwa ta zuba niƙaƙƙiyar gyaɗa ko garin waken suya a kunun ɗanta tun ciwo bai zo ba? Rigakafi ya fi magani.

Roƙona gare ku kaɗan ne. Kowane gida ya keɓe kwana biyu ko uku a mako na girki marar nama: yau ɗan wake da kabeji da tumatir, gobe dambun zogale da ƙuli-ƙuli, jibi faten tsaki da rama da gyaɗa. Kuɗin da aka rage a sayi ƙwai da nono da kayan marmari. Ranar da aka sa nama kuwa, a fara da kwanon yara da na mai ciki. Wannan magana ba ta mata kaɗai ba ce, domin wanda ke ba da kuɗin cefane, wanda kuma ke ɓata rai in bai ga tsoka ba, shi ke tsara abin da ke shiga tukunya.

'Yan'uwa, gobe mu ne malaman makaranta da jami'an lafiya da na gona, kuma abin da talaka ya ga mun raina shi ma zai raina. In muka koma gida hutu, mu zauna kusa da murhun iyayenmu mata mu koyi yadda ake kaɗa miyar nan, mu kuma gaya musu dalilin da ilmi ya gaskata su. Da tsohuwar zuma ake magani.

 Allah ya ba mu lafiya, uwar jiki.